Jinkirin Kawowa: Kasuwa, Asibiti, ko Gyaran Cikin Ɗaki?

Kusan duk tallan maganin maza da ake yi a ƙasar Hausa, tun daga lasifikar da ke ɗaure a kan mota a tasha har hotunan da ake turawa ta WhatsApp, mutum ɗaya ake yi wa shi: mai saurin kawowa. "Minti talatin ba sauka." "Sai ta ce ya isa." Akwai wani bawan Allah kuwa da ke jin wannan tallan yana cizon leɓe, domin abin da ake sayarwar nan shi ne ciwonsa. Gabansa na miƙewa lafiya lau, sha'awa tana nan, amma a yi minti talatin, a yi arba'in, gumi ya jiƙa shi sharkaf, uwargida ta gaji har ta soma jin zafi, maniyyi bai fito ba. Wani sai da ƙyar da jiɓin goshi, wani kuma sai dai ya haƙura ya juya baya. In ya yi gigin faɗa wa aboki, amsar ba ta wuce, "Kai ai ka more, mu da muke nema da kuɗinmu." Daga nan sai ya ja bakinsa ya yi gum.

Wanda ke cikin wannan hali yana da ƙofofi uku a gabansa: mai maganin maza, asibiti, da gyaran da za a yi a cikin ɗaki tsakaninsa da matarsa. Wasu za su ƙara ta huɗu, wato malamin ruƙiyya. Ba duka ke kaiwa wuri ɗaya ba, kuma wadda ta fi sauƙin shiga ita ce ta fi cutarwa.

Da farko dai, ba kowane jinkiri ne ciwo ba. A 2005 wani likita ɗan ƙasar Holan, Marcel Waldinger, da abokan aikinsa sun raba wa ma'aurata 500 a ƙasashe biyar, Holan da Birtaniya da Sifen da Turkiyya da Amurka, irin agogon da ake auna 'yan tsere da shi. Tsaka-tsakin lokacin da aka samu daga shiga zuwa kawowa minti 5.4 ne. Shi ya sa likitoci da dama ke ɗaukar wanda ke wuce minti 25 zuwa 30, kuma abin yana damunsa ko yana damun matarsa, a matsayin mai jinkiri. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, a ma'aunin da ta fitar a 2013, ta sa sharuɗɗa, ciki har da waɗannan uku: abin ya riƙa faruwa a aƙalla kashi 75 cikin 100 na saduwa, ya kai wata shida, kuma ya zama damuwa ta gaske. Ana ƙiyasta masu irin wannan da kashi 1 zuwa 4 cikin 100 na maza. Saboda haka wanda ya gagara a zagaye na biyu, ko ya dawo daga gona a gajiye, ko dattijon da ya ba sittin baya ya ga abin yana ɗaukar lokaci fiye da da, babu abin da zai nemi magani a kai.

Tambayoyi huɗu kafin ka taka ko'ina

Ka zauna ka amsa wa kanka waɗannan da gaskiya, domin su ne za su nuna maka ƙofar.

Tun yaushe? In a da kana kawowa lafiya sai daga baya abin ya sauya, to akwai abin da ya sauya a jikinka, ko a magungunanka, ko a gidanka. In kuwa tun daren farko haka kake, labarin daban ne.

A ko'ina ne, ko sai wajen iyali? Wanda yake mafarki ya tashi ya ga maniyyi, ko yake kawowa da hannu cikin 'yan mintoci, jijiyoyinsa suna aiki. Haka mai mata biyu da yake kawowa a ɗakin wannan ya gagara a ɗakin waccan: ciwon suga ba ya bin rabon kwana.

Me kake haɗiya? Kowace ƙwaya, ta asibiti da ta kemis da ta mai shayi, har da kodin da giya ga mai sha.

Na ƙarshe: kana jin daɗin nan na ƙarshe ya zo, amma ruwa bai fito ba, sannan fitsarin da ya biyo baya ya zo da duhu-duhun fari? Wannan wata matsala ce ta daban, maniyyin ne ke komawa mafitsara, kuma ba ta da mazauni sai asibiti.

Ƙofar kasuwa

A ba mai maganin maza haƙƙinsa. Yana kusa. Ba kati, ba layi, ba ma'aikaciyar jinya da za ta tambaye ka da ƙarfi a gaban mutane abin da ya kawo ka. Yana magana da Hausar da kake ji, ba ya jin kunyar kiran abu da sunansa, kuma dubu ɗaya ko biyu ta ishe ka ka dawo gida da ƙulli a aljihu da fata a zuciya. Duk waɗannan na gaske ne, kuma su ne suka sa asibiti ke shan kaye a hannunsa.

Matsalar ita ce binciken nasa amsa biyu kawai gare shi, ko basir ko sanyi, hajarsa kuma gaba ɗaya an haɗa ta ne don kishiyar ciwonka. Abin da zai miƙo maka ba ya wuce ɗaya daga uku.

Akwai saiwoyi da 'ya'yan itatuwa da aka gada, irin su gagai da ɗan Kamaru da goron tula. An san su ne da tayar da sha'awa, mai jinkiri kuwa ba sha'awa ya rasa ba. Mafi kyawun abin da zai faru shi ne ya yi asarar kuɗinsa kawai.

Akwai kuma garuka da zuma da shayi da ake cewa zallar itace ne, alhali an zuba musu sildenafil ko tadalafil, sinadaran da ke cikin Viagra da Cialis. Wannan ba zargin banza ba ne, kuma ba a nan kaɗai ake yi ba: a watan Yulin 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa kamfanoni huɗu masu sayar da irin wannan zumar takardar gargaɗi bayan ta gano waɗannan sinadarai a ciki. Aikinsu shi ne su buɗe hanyoyin jini gaba ya miƙe. Ba sa fitar da maniyyi. Abin da za su ƙara wa mai jinkiri shi ne tsawon wahala, gare shi da matarsa. Ga mai ciwon zuciya da ke shan magungunan naitiret kuwa, haɗuwar biyun na iya faɗar da jininsa warwas. Duk wanda gabansa ya miƙe ya wuce awa huɗu bai kwanta ba, wannan maganar gaggawa ce, a tafi asibiti a daren.

Na ukun shi ne mafi muni, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan dakata. Fitar maniyyi tana da totur da birki a ƙwaƙwalwa da laka. Sinadaran dofamin da noradirenalin su ne totur, sirotonin shi ne birki. Tiramadol, wanda a titi ake ce wa Tramol, yana ƙara sirotonin, yana kuma dushe jin jiki irin na dangin ofiyom. Saboda haka ne ma samari masu saurin kawowa suka rungume shi. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya, na 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 da ke shan irin su tiramadol da kodin ba da umarnin likita ba. Ƙarfin tiramadol da NAFDAC, hukumar kula da magunguna ta Najeriya, ta yarje shi ne miligiram 50 da 100, amma wanda ke yawo a hannun 'yan ga-ruwa da masu Keke Napep da leburori shi ne mai 225. Mutumin da ya fara sha don ya jure aikin ƙarfi, ko don ya burge amarya, bayan shekara biyu sai ya wayi gari ba ya kawowa sam. Daɗewa a kan irin waɗannan ƙwayoyi kuma yana rage sinadarin maza, testosteron, sai sha'awar ma ta bi sahu. In irin wannan mutum ya je wajen mai magani ya ce "ina da matsalar iyali", ba tare da ya fayyace ba, akwai yiwuwar a ƙara masa abin da ya kai shi. Haka man shafawa da na fesawa masu kashe jin fata, da kwaroron roba da aka shafa wa irin wannan man a ciki: duk taka birki suke.

Wanda ya gane kansa a nan kada ya watsar da ƙwayar dare ɗaya. Jiki ya saba, zai biya da gumi da ciwon gaɓɓai da gudawa da rashin barci, shi ya sa da yawa ke komawa kafin mako ya zagayo. Ana rage ta ne sannu a hankali a hannun likita. Ka ga ke nan ko mai wannan matsalar ma kasuwa ba ta da abin ba shi.

Ƙofar asibiti

Ita ce ta dace da duk wanda a da lafiya yake, da wanda ba ya kawowa ta kowace hanya, da mai suga ko hawan jini, da wanda aka taɓa yi wa aiki a mara ko ya ji rauni a baya, da mai busasshen kawowa, wato mai jin daɗin ƙarshe ba tare da ruwa ya fito ba.

Ba lallai ka fara da ƙwararre ba. Likitan da ke ganin marasa lafiya na yau da kullum zai iya yin rabin aikin, in ya ga da buƙata ya tura ka wajen likitan mafitsara. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Cibiyar Mafitsara ta Abubakar Imam a Kano, da asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da manyan asibitocin Yamai da Damagaram. Abu biyu za ka riƙe. Ka zuba duk magungunan da kake sha a leda ka tafi da su, da kwalayensu, har da wanda kake jin nauyin nunawa. Sannan ka tsara maganarka tun daga gida: "Likita, gabana yana tashi lafiya, maniyyi ne ba ya fita sai da wahala, kuma ya fi wata shida." In ka tsaya kame-kame kana "ƙarfina ne ya ragu", likitan da mutum hamsin ke jira a waje zai rubuta maka maganin miƙewa ya kira na gaba.

Ledar nan sau da yawa ita ce ke warware zancen. Magungunan damuwa masu ƙara sirotonin, faroksetin da satiralin da fuluksetin, waɗanda aka fi sani da Seroxat da Zoloft da Prozac, suna kan gaba wajen jinkirta kawowa, faroksetin ya fi sauran. Amitiriftilin da ake ba masu ciwon jijiya da rashin barci yana yi. Magungunan taɓin hankali irin su halofaridol da risferidon da Largactil suna yi, wasunsu ta hanyar ɗaga sinadarin furolaktin, wanda in ya yi yawa a jikin namiji yake rage sha'awa. Wasu tsofaffin magungunan hawan jini, irin su Aldomet, suna cikin jerin. Tamsulosin da ake ba dattawa masu kumburin furostet (halittar da ke ƙarƙashin mafitsara) don fitsari ya sauka yana rage maniyyi ko ya hana shi fitowa. A nan likita yana da abin yi na gaske: ya rage adadi, ko ya sauya zuwa wani da bai cika taɓa wannan ɓangaren ba, kamar bufurofiyon ko mirtazafin a madadin na damuwa, ko alfuzosin a madadin tamsulosin. Sau da yawa makonni kaɗan bayan sauyin abin ya dawo daidai. Amma kada ka yanke wa kanka wannan hukunci. Wanda ya daina maganin taɓin hankali ko na hawan jini don kwanciyar aure ya sayi babbar masifa da ƙarama.

In ledar ba ta ce komai ba, sai gwaje-gwaje: suga, testosteron wanda ake ɗiba da safe saboda lokacin ne yake sama, furolaktin, da aikin halittar nan ta wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, domin in ta yi sanyi kawowa ma takan yi jinkiri. Ciwon suga da ya daɗe ba a kula da shi ba yana cin ƙananan jijiyoyi, na ƙafa da na mara baki ɗaya, kuma akwai mazan da ta wannan ƙorafin ne aka fara gano suna da shi.

Gwajin mai busasshen kawowa ba wuya gare shi ba. Za a ce ka yi fitsari ka juye mafitsara, sannan ka kawo, sannan ka sake yin fitsari a 'yar roba. A ɗakin gwaji za a juya fitsarin a na'ura abin da ke ciki ya kwanta, a ɗiga a gilashi a duba da madubin likita. In an ga ƙwayoyin maniyyi da yawa, to bakin mafitsara ne ba ya rufewa a lokacin da ya kamata. Suga na kawo wannan, haka aikin kankare furostet, wanda mafi yawan waɗanda aka yi wa ke fitowa da shi. Ba ya cutar da lafiya, maniyyin yana bin fitsari ya fita. Haihuwa kaɗai yake hanawa.

Asibiti ma yana da nasa gazawar, kuma gara ka sani tun yanzu. Babu wata ƙwaya da aka amince da ita musamman don jinkirin kawowa. Likitoci kan gwada wasu da aka yi don wani abu daban, kamar kabagolin ko bufurofiyon ko sifiroheftadin, wani ya dace wani bai dace ba. Allurar testosteron ba ta da amfani ga wanda nasa bai yi ƙasa ba, ko ga wanda nasa ya yi ƙasan ba kullum take gyara kawowa ba, sannan tana dakatar da ƙera ƙwayoyin maniyyi, don haka mai neman haihuwa ya nisance ta. Jijiyar da suga ya riga ya cinye kuma ba ta cika dawowa ba, sai dai a hana ɓarnar ci gaba. Ƙarfin asibiti yana wajen gano dalili da cire shi. Ga wanda aka duba aka ga komai lafiya, likita zai ce masa "ba ka da komai", ya fito da takardu a hannu da matsalarsa a jiki. Wannan mutumin ƙofa ta uku ce tasa.

Gyaran cikin ɗaki

Mafi yawan samari da sabbin angwaye masu wannan kuka a nan suke. Aure ya yi tsada, lefe da sadaki da kuɗin haya sun tura saurayi har shekara talatin da wani abu, waya kuma tana hannu tun yana sakandare. Hukuncin istimna'i, wato fitar da maniyyi da hannu, a wurin malamai sananne ne, ba shi na zo maimaitawa ba. Maganar jiki nake yi. Wani masani a Amurka, Michael Perelman, wanda ya daɗe yana duba masu wannan matsala, ya lura cewa da yawansu sun saba wa kansu da wani salo da jikin mace ba zai iya kwaikwaya ba: matsa mai tsanani, gudu mai yawa, ko kifa ciki ana goga gaba a katifa. Ƙari a kan haka, abin da ido ya saba gani a waya yana sauyawa duk bayan daƙiƙa kaɗan, matar aure kuwa mutum ce guda ɗaya mai gajiya da kunya. Jikin da aka yi shekara goma ana horarwa a kan wancan ba zai amsa wannan a daren farko ba.

Gyaran yana da matakai, kuma ba ya cin ko kwabo. A daina hannu da kallo gaba ɗaya na wasu makonni. A ba da tazarar kwana biyu ko uku tsakanin saduwa, maimakon a riƙa gwadawa kullum ana ƙara tara takaici. A tsawaita wasa, ita ta riƙa motsa shi da hannunta, shi kuma ya cire kunya ya nuna mata inda da yadda, har sai ya ji ya kusa, sannan ya shiga. In an dace sau ɗaya, sau biyu, sai a riƙa shiga da wuri kaɗan-kaɗan. Ga wanda bai taɓa kawowa a gaban matarsa ba ma, matakin farko shi ne ya kawo a hannunta, wannan kaɗai nasara ce babba. A yi amfani da man santsi na kemis mai ruwa-ruwa don kada ta ji ciwo. Kuma a yi yarjejeniya tun kafin a fara: in an kai kamar minti ashirin bai zo ba, a tsaya, ba fushi ba zargi. (Wanka dai ya wajaba a kansu duka biyu da zarar an shiga, ko an kawo ko ba a kawo ba. Ana yawan tambayar wannan a ɓoye.)

Wannan yarjejeniyar ta fi yadda ake zato muhimmanci, domin rabin ciwon tsoro ne. Mutum yana kan matarsa amma hankalinsa ya koma gefe yana kallon kansa: yau zai zo kuwa? Ta gaji ne? Minti nawa yanzu? Mai lissafi ba ya kawowa. Tun a 1970 Masters da Johnson, masu bincike biyu a Amurka, suka fito da hanyar da har yau ake amfani da ita: a haramta wa ma'aurata saduwa na ɗan lokaci, su riƙa shafar juna kawai ba tare da an sa ran komai ba, daga baya a ƙara al'aura, daga baya a koma saduwa. In an cire jarrabawa, jiki yakan saki. Akwai kuma abubuwan da ke kwance a ƙasa waɗanda ba a faɗa: tsoron ciki na bakwai alhali na shida bai bar nono ba kuma albashi bai motsa ba, fushin da aka haɗiye tun rigimar da aka yi da surukai, auren da aka yi don bin umarnin iyaye, ko tarbiyyar da ta cusa masa cewa duk harkar ƙazanta ce har bayan an ɗaura aure.

Ita matar fa? Abin da ke ranta daban ne. Tana ganin ita ce ba ta gamsar da shi, ko akwai wata a waje, ko kishiya ta yi mata asiri. Sai ta bazama wajen masu kayan mata, ta sayo matsi tana cusawa, wanda ke busar da gaba ya jawo rauni da kumburi, sai saduwar da dama doguwa ce ta zama azaba. Wani mijin kuma, don ya huta, sai ya yi nishi ya nuna kamar ya kawo. Ta sani. Mace ba ta rasa sanin wannan, sai dai ta yi shiru ta ƙara zargi. Magana guda da rana tsaka, ba a kan gado ba, ta fi ƙullin dubu ashirin: "Maman Khadija, abin nan da kike gani daga jikina ne, ba daga gare ki ba. Ina neman magani, kuma sai da taimakonki." In ita ce ta ga ya kasa buɗe baki, tana iya farawa: "Abban Khadija, na ga kana wahala, ni ma ina wahala. Mu je a duba mana, ba wanda zai ji."

Raunin wannan ƙofar shi ne lokaci da haɗin kai. Makonni ne zuwa watanni, kuma in ɗaya ya ƙi, ba ta buɗuwa. Ƙwararrun masu ba ma'aurata shawara kan wannan ba su da yawa a Arewa. Masana halayyar ɗan Adam da za su iya taimakawa galibi suna asibitocin ƙwaƙwalwa, irin na Barnawa a Kaduna da na Kware da na Maiduguri da na Dawanau, ko a sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, mutane kuma suna gudun a gan su a can. A ganina wannan gudun asara ce, amma na san nauyinsa.

Malamin ruƙiyya

Addu'a ba ta karo da ko ɗaya daga cikin abin da ya gabata, kuma zuciyar da ta natsu tana taimaka wa jiki. Inda nake da ja shi ne wurin wanda daga jin labari zai ce "an ɗaure ka", ya nuna kishiya ko tsohuwar budurwa. Gidaje sun mutu a kan irin wannan magana alhali mai gidan suga ne ke cinsa, ko ƙwayar da ke aljihunsa. Ka yi azkar ɗinka, ka je a auna jininka, kuma kada ka sha garin da ba a gaya maka abin da ke ciki ba, ko da waye ya ba ka.

In haihuwa ake nema

A nan lissafin ya sauya. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a jira shekara ɗaya ana gwadawa kafin bincike, ko wata shida in matar ta wuce 35. Amma wannan ga waɗanda maniyyi ke isa inda ya kamata ne. In ba ya fita a ciki, jira ba shi da ma'ana, kuma kowane wata da ya wuce ita ce ke shan gori a wajen dangin miji a kan laifin da ba nata ba. Ƙaro aure ma ba ya gyara komai, sai dai a samu mata biyu masu shan gori.

Hanyoyin suna hawa-hawa, daga mai araha zuwa mai tsada. Wanda ke iya kawowa a waje, likita na iya koya musu tara maniyyin a roba mai tsabta a zuba shi a farji da sirinji marar allura a kwanakin da ƙwai ke sauka, wato wajen rana ta 14 daga farkon jini ga mai zagayen kwana 28, da 'yan kwanakin da suka gabace ta. Mataki na gaba shi ne a wanke maniyyin a ɗakin gwaji a sa shi kai tsaye cikin mahaifa. Wanda ba ya kawowa ta kowace hanya, musamman mai raunin laka, akwai na'ura mai karkarwa da ake ɗorawa a ƙarƙashin kan gaba, in ta gaza akwai ta lantarki da ake yi bayan an sa mutum barci. Mai komawa mafitsara ana gwada masa sudo'efedirin ko imifiramin don bakin mafitsarar ya rufe, in bai yi ba a ba shi abin da zai rage tsamin fitsari a tace ƙwayoyin daga ciki. Can ƙarshe akwai ɗebo su daga maraina a haɗa da ƙwan matar a ɗakin gwaji, wanda shi ne mai cin miliyoyi. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta irin wannan in maniyyin na mijin ne, ƙwan na matarsa ne, a mahaifarta. Masu neman ciki su kuma sani cewa miyau da yawancin man santsi suna rage wa ƙwayoyin maniyyi gudu, sai su tambayi likita wanda ya dace.

To wace ƙofa ke nan? Ango ɗan talatin da ke kawowa shi kaɗai amma ya gagara wajen amarya, kuma ba ya shan komai, ya fara da cikin ɗaki, ya ba abin wata uku, in bai ga sauyi ba ya nemi likita. Mai shan Tramol ko kodin ya nufi asibiti don a sauke shi daga kai, gyaran ɗaki ya biyo baya. Wanda abin ya same shi bayan an ɗora shi a kan sabon magani ya koma wurin wanda ya rubuta masa, da kwalin a hannu. Magidanci ɗan hamsin mai yawan fitsarin dare da ƙishirwa da jin tafin ƙafa kamar ba nasa ba ya auna suga a makon nan. Masu neman haihuwa su je tare, su haɗa asibiti da gyaran ɗaki a lokaci guda. Wanda kuwa jinkirin ya zo masa farat ɗaya tare da mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, ko raunin ƙafafu, ko fitsari da bayan gida suna kufce masa ko suna ƙin fita, wannan alamar matsewar jijiyoyin laka ce, kuma a ranar ake zuwa asibiti.